Wankin ciki kafin a leƙa hanji da kyamara: wane magani zaka sha, kuma yaya zaka sha shi

Idan likita ya rubuta maka kolonoskofi, wato za a shiga ta dubura da wata siririyar tiyo mai kyamara a baki a duba babban hanjinka tun daga ƙasa har inda ya haɗu da ƙaramin hanji, toh ka sani rabin aikin nan a hannunka yake, kuma naka rabin ne yake zuwa farko. Babban hanji ya kai wajen mita 1.5, ga lanƙwasa ga lungu, abin da likita yake nema a ciki kuma wani lokacin ɗan tsiro ne da bai wuce milimita 5 ba, irin wanda idan aka barshi shekaru yake iya rikiɗewa ya zama kansa. Idan akwai sauran kashi manne a bangon hanji toh kamar tuƙi ne cikin hazo, motar na tafiya amma direba baya ganin ramin da ke gabansa. Ƙarshenta ko a tsallake abin da aka shiga nema, ko a ce ka koma gida ka sake shiri ka sake biyan kuɗi.

Yawancin mutane tambayar da suke fara yi ita ce wanne ne ya fi daɗin sha, wanne ne bashi da yawa. Ni a ganina abin da ya kamata a fara tambaya shine yaya ƙodarka da zuciyarka suke, sannan ƙarfe nawa za a yi maka aikin, domin waɗannan biyun su ne suke zaɓa maka maganin da lokacin shansa.

Mataki na farko: ranar da aka baka takarda

Kar ka fita daga ofishin likita sai ka zazzage masa komai. Ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko kumburin ƙafa, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, sikila, juna biyu, ko an taɓa yi maka aiki a ciki, ko kana cikin masu yin kwana 3 ko 4 basu zaga ba. Masu sikila musamman su faɗa da babbar murya, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana tayar musu da ciwo, kuma wankin ciki ruwa yake ja.

Ka zo da magungunanka a leda ka zube su akan tebur, kar ka dogara da cewa zaka tuna sunayensu. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, irin su fersolate da tonik ɗin jini, ana dainawa kamar kwana 7 kafin aikin don yana mayar da kashi baƙi mai danƙo da baya wankuwa. Maganin tsinka jini kamar warfarin da clopidogrel kuwa dan Allah kar ka daina da kanka kuma kar ka cigaba da kanka, likitan da ya ɗora ka akai shi zai faɗa maka ranar tsayawa da ranar komawa. Masu suga da ke kan insulin ko glibenclamide dole a gyara musu awo tunda zasu wuni ba abinci. Lisinopril da danginsa, maganin sa fitsari irin su Lasix, da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, duk suna iya takura ƙoda a ranar da jiki ya rasa ruwa, a tambaya a ji wanne za a ɗaga. Tramadol, kodin da Imodium suna ɗaure ciki, suma a faɗa. Idan ka haura shekara 60 ko kana da suga ko hawan jini, ka nemi a yi maka gwajin ƙoda da gishirin jini kafin a zaɓi magani, gwajin bashi da wahala kuma shi ke raba gardama.

Akwai wanda ma ba a bashi maganin wankin ciki ta baki sam, wato wanda ake zargin hanjinsa ya toshe, ciki ya kumbura, ga amai, ba kashi ba tusa. Wannan asibiti zai tafi kai tsaye.

Mataki na biyu: magungunan da kansu

Na farko kuma wanda na fi natsuwa da shi shine PEG mai yawa, lita 4, wani gari ne da ake damawa da ruwa a sha. A kemis zaka ganshi da suna Klean-Prep, a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi sanin Fortrans, a Amurka kuma GoLYTELY, wanda tun 1980 aka fito da tsarinsa. Klean-Prep da Fortrans ƙunshi 4 ne a kwali, kowane ƙunshi a lita 1 na ruwa. Yadda yake aiki shine garin yana riƙe ruwan da ka dama shi da shi, hanji baya iya tsotse ruwan, sai ya bi ta ciki yana wanke komai har ya fita, kuma an zuba masa gishiri daidai da na jiki yadda ba zai ja ruwa sosai daga jininka ba, ba zai kuma tura maka gishiri cikin jini ba. Shi yasa idan mutum tsoho ne, ko ƙodarsa ta fara rauni, ko yana da ciwon hanta, ko mai yawan taurin ciki, shi likitoci suka fi karkata gare shi. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba ce, yawa. Lita 4 na ruwa mai ɗanɗanon gishiri-gishiri da santsi a baki ba wasa bane, mutane da yawa a lita ta 3 suke ajiye kofi su ce ai ya isa, kuma wallahi wannan litar da aka bari ita ce take wanke can saman hanji na ɓangaren dama.

Na biyu PEG ne da aka rage masa yawa aka ƙara masa bitamin C mai yawan gaske don ya taimaka wajen jan ruwa. Moviprep lita 2 ne, kowace lita ana haɗa ƙunshi A da ƙunshi B, Plenvu kuma lita 1 ne kacal, rabin lita sau 2. Amma a lura, bayan kowane zagaye sai ka bi shi da aƙalla rabin lita na ruwa, don haka ba wai ka tsira daga shan ruwa bane, ka dai tsira daga shan mai gishirin. Yana wanke ciki sosai, kusan kafaɗa da kafaɗa da mai lita 4. Inda nake so a tsaya a nan shine maganar G6PD. Wannan wani ƙarancin sinadari ne a jajayen ƙwayoyin jini da ake gado, yana da yawa a Afirka ta Yamma musamman a maza, kuma mai shi idan ya sha bitamin C mai yawa irin wannan jininsa na iya farfashewa. Takardar cikin kwalin Moviprep da Plenvu duk ta yi gargaɗi akai. Idan ka taɓa shan wani magani idonka ya yi ɗorawa fitsarinka ya koma kalar shayi, ko an taɓa ce maka kana da shi, ko akwai shi a danginku, ka faɗa a gwada ka ko a baka mai lita 4.

Na uku shine wanda kowa yake so, Picolax ko Picoprep ko CitraFleet, duk abu ɗaya ne, sodium picosulfate da magnesium. Ƙunshi 2 ne, kowanne a ruwa mililita 150, ƙaramin kofi kenan, ka juya minti 2 zuwa 3, zaka ji kofin ya ɗan yi ɗumi, ka bari ya huce ka shanye, ɗanɗanonsa kamar lemo. Picosulfate ɗin yana zungurar hanji ya motsa, magnesium kuma yana jawo ruwa daga jikinka zuwa cikin hanji. Ka ji inda haɗarin yake, ruwan wankin daga jikinka ake ɗibarsa, don haka sai ka mayar da shi da kanka, bayan ƙunshin farko kofi 5 na mililita 250 ko fiye, bayan na biyu aƙalla kofi 3, a rarrabe cikin awanni. Wanda ya sha ƙaramin kofin nan ya kwanta yana murna ya huta, shine zai tashi da jiri da ciwon kai kuma cikin bai wanku ba. Sannan kar ruwan ya zama zalla kawai, a haɗa da ORS ko romo tacacce mai ɗan gishiri, saboda an sha ganin gishirin jini ya faɗi har mutum ya rikice ko ya yi jijjiga, musamman tsofaffi da masu shan maganin fitsari. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ko mai ciwon zuciya da take tara ruwa, wannan ba nasa bane, ƙodar bata iya fitar da magnesium ɗin. Wani abu da ba a cika faɗa ba, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanji su ne suke tayar da picosulfate ya fara aiki, toh idan kwanan nan ka sha antibayotik, kuma mun san yadda ake shansu a wajenmu kamar gyaɗa, ƙarfinsa na iya raguwa. Ga matashi mai lafiyar ƙoda da ya san ba zai iya lita 4 ba, zaɓi ne mai kyau.

Akwai masu salfet irin su Suprep da Eziclen, da ƙwayoyin Sutab guda 24 da aka amince da su a Amurka a 2020, ana sha 12 da dare 12 da safe da ruwa mai yawa. Suna aiki, sai dai samunsu a nan sai an tona.

Sodium phosphate, wanda aka sani da Fleet Phospho-soda, shi kam in an miƙo maka shi ka tambayi dalili. A Disamba 2008 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta fitar da gargaɗi mai ƙarfi akansa saboda yana lalata ƙoda, wani lokacin lalacewar da bata gyaruwa, kuma ƙungiyar likitocin leƙa hanji ta Turai ta ce kar a riƙa amfani da shi haka kawai. Mannitol na sha shima wasu wuraren suna bayarwa saboda araha, yana wankewa, amma yana tara iskar da ke kamawa da wuta a cikin hanji, wanda hakan matsala ne idan za a ƙone tsiro da lantarki, wannan hukuncin na mai yin aikin ne.

Sai kuma haɗin da wasu asibitocinmu suke bayarwa idan waɗancan sun yi tsada ko babu su a gari, ƙwayar Dulcolax da gishirin Epsom ko man zurma, wani lokacin da tsarin abinci mai ruwa na kwana 2 ko 3 da kuma wankin dubura da safe. Ba zan raina shi ba, an duba mutane da yawa da shi, amma yafi murɗa ciki, yafi bushe mutum, kuma gishirin Epsom magnesium ne, maganar ƙoda tana nan. Idan shi aka rubuta maka ka bi awon da aka rubuta daidai. Idan kuma kana da halin sayen PEG ka tambayi likitan ko zai canza maka, kuɗin maganin bai kai kuɗin maimaita aikin ba. Dulcolax shi kaɗai baya isa, ɗan rakiya ne.

Filasko, tsamiya, da maganin dattin ciki na cikin jarka da ake tallansa a tasha, dan Allah a ajiye su gefe. Zasu sa ka zawo, eh, amma zawo daban wankakken hanji daban, ba wanda ya san awonsu, kuma haɗa su da maganin asibiti shine hanyar da mutum zai faɗi a banɗaki. Idan dama ka daɗe kana shan filasko ka gaya wa likita, yawan shansa yana rina bangon hanji ya yi duhu kuma zai gani.

Mataki na uku: abinci

Wasu asibitocin kwana 1 suke cewa, wasu 2 ko 3, ka bi na asibitinka, amma in kana da taurin ciki ka ɗauki mai tsawon. Abin da ake gudu shine duk mai ɓawo, mai ƙwaya, mai ganye, mai dusa. Wake da duk 'ya'yansa, ƙosai, alale, ɗanwake. Zogale, rama, alayyahu, kabeji, miyar kuka, kuɓewa. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, aya, dabino, gwaiba, kankana, tumatir mai 'ya'ya. Fura, dambu, tuwon dawa, tuwon masara, biredin alkama. Ƙwayar riɗi da 'ya'yan gwaiba har toshe bututun na'urar suke yi, ba ƙaramin ɓata aiki suke ba. Abin da zaka ci, farar shinkafa, farin biredi, taliya, dafaffen ƙwai, kifi, kaza ba fata, dankalin turawa da aka fere, koko da aka tace sosai.

Ranar jajibiri bayan abinci mara nauyi na safe ko na rana, yadda takardarka ta ce, sai a koma ruwa wanda idan ka ɗaga kofin gilashi kana hango yatsanka ta ciki. Ruwa, shayi ba madara, romon kaza da aka tace ba mai ba nama, ruwan tuffa na kwali, Sprite ko 7up, ORS. Banda madara, nono, yogot, kunu. Banda zoɓo da duk wani abu ja ko shunayya, a kyamara kamar jini yake fitowa. Masu suga su riƙa auna sugansu, su ajiye abu mai zaƙi a kusa, in ka ji rawar jiki da gumi ka sha.

Mataki na huɗu: raba shi biyu

In ba zaka riƙe komai a rubutun nan ba ka riƙe wannan. Ko wane iri aka baka, rabi da yamma ko dare, rabi da asubar ranar aikin, ya fi shanye duka da daddare nesa ba kusa ba. Dalili shine ko ka wanke hanji tas da ƙarfe 10 na dare, ƙaramin hanji baya barci, cikin dare zai cigaba da zubo ruwan ɗaci da majina su lulluɓe ɓangaren dama, wanda dama shine inda tsiro masu kwanciya suke ɓuya. Ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2019 ita ce a fara zagaye na biyu cikin awa 5 kafin aikin, a gama shi aƙalla awa 2 kafin a shiga.

Misali an baka ƙarfe 9 na safe da Klean-Prep. Lita 2 daga ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma. Ka tashi ƙarfe 4, lokacin da ka saba tashi sahur, ka fara sauran lita 2, zuwa 6 ko 6:30 ka gama, daga ƙarfe 7 ko ruwa kar ya shiga bakinka saboda allurar barcin da za a yi maka. Idan aikin na rana ne, kamar ƙarfe 2, ana iya shan duka da safiyar ranar. Mutane suna tsoron zawo ya kama su a hanya, gaskiya yawanci awa 2 bayan kofin ƙarshe cikin ya lafa, amma wanda zai taso daga nesa, a ce daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya ko Yamai, gara ya kwana a garin a gidan da yake da banɗaki a kusa, kar a ce don tafiya za a shanye duka tun daren jiya. Idan asibitinka ya rubuta maka wani jadawali daban, ka tambaye su ko zaka iya rabawa, kar ka canza a ɓoye.

Maganar azumi kuwa, ba a haɗa wankin ciki da shi. In ba na gaggawa bane a nemi rana bayan sallah, in na gaggawa ne mara lafiya yana da rangwame. Haka lokacin zafin Maris zuwa Mayu, ka ƙara ruwa akan abin da aka rubuta.

Mataki na biyar: daren kansa

Awo da farko, in mai lita 4 aka baka, sauran kuma ka bi awonsu da na faɗa a sama. Ledar fiya wata galibi rabin lita ce, ka duba jikinta, guda 2 lita 1 kenan, ka juye a jug mai tsabta ka zuba ƙunshi ɗaya ka juya har ya narke ya zama garau. Kar ka rage ruwan don ka rage yawan sha, ka ɓata lissafin gishirin kenan, zai fi saka amai kuma zai bushe ka. Ka sa a firij ko cikin kula da ƙanƙara a gefe, da sanyi yafi shiga. Kofi 1 na mililita 250 duk minti 10 zuwa 15, a kwankwaɗe shi, kurɓa-kurɓa tana ƙara tashin zuciya ne kawai. Tsinken shan lemo yana taimakawa in ka tura shi can bayan harshe, haka tsotsar yankan lemon tsami tsakanin kofi da kofi. Idan zuciya ta tashi ka tsaya minti 30, ka ɗan zagaya tsakar gida, ka dawo ka cigaba a hankali. Sauran magungunanka na dole kar ka sha su cikin awa 1 kafin fara wankin, zasu bi ruwa su fita, mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su san da wannan su ɗauki wani matakin kariya.

Cikin yakan fara motsi bayan awa 1 zuwa 3, wani yafi haka. Ka tanadi ruwa a bokiti da buta tun da rana, ka tanadi fitila, in gidan haya ne mai banɗaki ɗaya ka yi wa maƙwabta bayani ko ka nemi fo. Tun kafin zagayen farko ka shafa Vaseline a wajen, kuma ka sake shafawa bayan kowane tsarki, a wanke da ruwa a ɗan dafa da tsumma mai laushi ba gogewa ba, masu basir zasu gode min. Tsoho kar a barshi shi kaɗai, a samu mai kama shi zuwa banɗaki, faɗuwa cikin dare ita ce abin da na fi ji wa tsofaffi tsoro a wannan shirin.

Abin da zai sa a bar komai a tafi asibiti a daren: ciwon ciki mai tsanani da kumburi kuma ba abin da ke fita, amai da ya ƙi tsayawa, suma, rikicewar tunani, jijjiga, bugun zuciya da ya canza, fitsari ya ɗauke, ko kumburin fuska da ƙaiƙayi.

Mataki na shida: safiyar aiki

Ka leƙa abin da ka fitar na ƙarshe. Wanda ake so shine ruwa garau mai launin ɗorawa kamar fitsari, ba gari ba gudaji. Ko da ka ga ya yi haka tun dare, zagaye na biyu yana nan sai ka sha shi. In kuma har ka gama komai yana fita ruwan ƙasa mai kauri, ka je da wuri ka faɗa wa nas gaskiya, suna iya ƙara maka magani su mayar da kai ƙarshen layi, ko su yi maka wankin dubura, hakan ya fi a kwantar da kai a shiga a tarar ba a ganin komai.

Ka zo da babban mutum da zai mayar da kai gida, bayan allurar barci ba tuƙin mota ba hawa babur da kanka har awa 24. Idan an baka sakamako ka duba inda aka rubuta yadda wankin ya yi, da yawa suna amfani da ma'aunin Boston, maki 0 zuwa 9, hanji kashi 3 kowanne maki 3, abin da ake karɓa shine 6 zuwa sama kuma kar wani kashi ya gaza 2. In bai kai ba ka tambayi likita yaushe za a sake, kuma ka rubuta sunan maganin da ka sha da yadda ka sha shi ka ajiye tare da sakamakon, domin a karo na gaba a san ko za a ƙara maka kwana ko a canza maka wani.